Ta yaya zan gane cewa bitar da nake yi wa ɗaliban jinya tana aiki?

"Assalamu alaikum. Ni malama ce a makarantar koyon aikin jinya, shekarata biyu ke nan da fara koyarwa. Duk lokacin da ɗalibai suka gama atisaye a kan mutum-mutumi, ko suka dawo daga ɗakin majinyata, mukan zauna mu yi bitar abin da ya faru. Ɗaliban suna yaba zaman, takardar jin ra'ayi da suke cikewa kullum maki mai kyau take kawowa. Amma sai in ga kuskuren da muka tattauna a wannan makon shi suka maimaita a mako na gaba. Yanzu kuma shugabar sashenmu ta ce in tsara yadda za mu riƙa auna ingancin wannan zama ga dukkan malamai. Daga ina zan fara, kuma me ake dubawa?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara basira. Tambaya biyu kika haɗa wuri guda, kuma ta farkon ta fi nauyi. Kina son sanin dalilin da ya sa zaman da kowa ya ji daɗinsa bai sauya komai a hannun ɗaliba ba, sannan kina neman ma'aunin da za a ɗora malamai a kai. In aka yi gaggawar tsallakawa zuwa ta biyun ba a warware ta farkon ba, abin da za a samu shi ne takarda mai akwatunan maki wadda kowane malami zai ci, kuskuren kuma ya ci gaba da dawowa kamar yadda kike gani yanzu. Don haka bari mu bi su a jere.

Abin da muke nufi da bita shi ne zaman da malami da ɗalibai suke yi bayan aiki ya ƙare, a dawo da abin da ya faru daki-daki, a tono tunanin da ya haifar da kowane mataki, a tashi da abin da za a riƙe gobe. A 1983 Donald Schön ya bambanta tunanin da ƙwararre yake yi hannunsa na cikin aiki da wanda yake yi bayan ya tsame hannu. Shekara guda bayan haka David Kolb ya nuna cewa yin abu kaɗai ba ya wadatarwa sai an waiwaye shi, an ciro ma'ana, an sake gwadawa. Graham Gibbs ya zo a 1988 da zagaye mai matakai shida wanda makarantun jinya da yawa suke ba ɗalibai su yi rubutu a kai. Tsarin da ya fi kusa da aikinmu shi ne na Christine Tanner na 2006, wadda ta ce hukuncin da nas take yankewa a bakin gado yana bin hanya huɗu: ta lura, ta fassara abin da ta lura da shi, ta ɗauki mataki, ta waiwaya. Ki riƙe waɗannan huɗun da kyau. Duk kuskuren da ɗaliba ta yi, a cikin ɗayansu ya ɓuya, aikin bita kuma shi ne a gano a wanne.

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya, to a koyon jinya ya wuce ado. A 2013 Tannenbaum da Cerasoli sun tattara bincike daga fannoni daban-daban, suka ga bitar da aka yi bisa tsari tana ƙara kyawun aiki da kusan kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. A 2014 kuma majalisar da ta haɗa hukumomin kula da aikin jinya na jihohin Amurka ta fitar da sakamakon babban binciken da ta yi a makarantu 10, inda ɗalibai 666 suka kai ƙarshensa. An maye wa wasu kashi 25, wasu kashi 50 na lokacin zuwa asibiti da atisaye, kuma ba a ga bambanci mai ma'ana ba a jarrabawar lasisi ko a watanni shida na farkon aikinsu. Mutane suna son ambaton wannan sakamako su manta da sharaɗinsa. Malaman da suka yi aikin an horar da su, kuma sun yi bitar ne a kan tsari guda sananne. Wato sakamakon na ingantacciyar bita ne, ba na kowane zama da aka kira bita ba.

Kuskure ɗaya, dalilai uku

Akwai atisayen da na daɗe ina amfani da shi. Majinyaci ne da aka yi wa tiyata a ciki, an dawo da shi gado awa uku da suka wuce. Bugun zuciyarsa yana hawa a hankali daga 88 zuwa 118, awon jininsa yana sauka daga 124/80 zuwa 96/60, yana juye-juye, muryar da ke fitowa daga mutum-mutumin tana cewa cikinsa na ciwo. Jini yake zubarwa ta ciki. Abin da ake so shi ne ɗaliba ta haɗa alamomin ta kira likita da wuri. A wani zango ɗalibai uku a rukuni daban-daban suka yi abu iri ɗaya sak: suka ba da maganin ciwo, suka gyara masa kwanciya, suka tsaya jira. Minti shida ko bakwai suka wuce kafin a ɗaga waya.

Da a shekarun farkon koyarwata ne, abin da zan yi sananne ne. Zan tambayi yadda suka ji, in yaba musu wanke hannu da gaisuwar majinyaci, sannan in zuba musu bayani a kan alamomin zubar jini. Za su gyaɗa kai, su rubuta, su gode. A wannan karon sai na faɗa wa kowace abin da na gani da abin da ya dame ni, na tambaye ta nata. Na ce wa ta farkon, "Na ga bugun ya kai 118, awon jinin ya sauka zuwa 96/60, kika ba da maganin ciwo kika jira. Hankalina ya tashi, domin ni zubar jini ya faɗo mini a rai. Ke me kike gani a lokacin?" Ta ce an koya musu cewa ciwo yana sa zuciya ta yi sauri, don haka ta ɗauka ciwon ne. Gaskiyarta, an koya musu. Abin da bai zauna mata ba shi ne ciwo ya fi tura awon jini sama, don haka saurin bugu tare da saukar awo wani labari ne daban. Wannan giɓin fassara ne, kuma bayani na minti uku ya rufe shi.

Ta biyun ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ta san jini ne tun a awo na biyu. Na ce to me ya riƙe ki? Ta ce a makon da ya wuce, a ɗakin majinyata na gaske, ta kira likita a kan wani abu, aka yi mata tsawa a gaban mutane. Sai ta ƙudurta ba za ta sake kira ba sai ta tabbata babu sauran shakka. Wannan yarinya ba ta buƙatar ko kalma ɗaya a kan alamomin zubar jini. Abin da take buƙata shi ne ta maimaita yadda ake kiran, da bakinta, har sai ya zauna: halin da majinyaci yake ciki, tarihinsa a taƙaice, abin da take zato, da abin da take nema a yi, wato tsarin da ake kira SBAR. Muka yi shi sau uku a nan take, ni ina matsayin likitan da ya tashi daga barci yana ƙunƙuni. Ta ukun kuwa ba ta duba takardar awon da aka yi kafin ta karɓi aiki ba. Lambar da ta gani ita kaɗai ba ta tsorata ta ba, domin ba ta san daga inda aka faro ba. Nata giɓin lura ne.

Da na yi musu lacca guda, da ɗaya na gyara na bar biyu, kuma dukansu uku za su ba ni maki mai kyau. Ina kyautata zaton a nan matsalarki take. Jenny Rudolph da abokan aikinta na cibiyar atisayen likitanci da ke Boston sun bayyana wannan a 2006: sakamako daga mataki yake fitowa, mataki kuma daga yadda mutum ya fahimci lamarin a ransa. Malamin da ya gyara mataki bai taɓa fahimtar da ta haife shi ba ya sare reshe ne ya bar saiwa. Sun kuma nuna cewa ɓoye hukuncinka a bayan tambayoyin zagaye-zagaye, irin su "kina ganin akwai abin da ya kamata ki yi daban?", ba tausasawa ba ce. Ɗaliba ta san akwai amsar da ke cikin kanka, sai ta koma lalube don ta faranta maka, ta daina tunanin majinyacin.

Abin da takardar jin ra'ayi take iya faɗa

Kada ki jefar da ita. Tana da amfani wajen abu ɗaya da babu mai iya faɗa sai ɗalibi: ko ya ji an mutunta shi, ko ya saki jiki har ya iya faɗin kuskurensa ba tare da fargaba ba. Amy Edmondson ta nuna tun 1999 cewa rukunin da mutane suka amince ba za a wulaƙanta su don sun yi tambaya ko sun amsa kuskure ba shi ne yake koyo. Ɗaliba ta biyu da na ba ki labari ba za ta taɓa faɗin abin da ta faɗa ba a gaban malamin da ya tsare gida. Shelly Reed ta tsara ma'auni mai tambayoyi 20 a 2012 musamman don jin yadda ɗaliban jinya suka ga zaman bita, in kina son wanda aka riga aka gwada.

Sai dai jin daɗi shi ne mataki na ƙasa a cikin matakai huɗu da Donald Kirkpatrick ya shimfiɗa don auna horo. A samansa akwai abin da aka koya, da sauyin hali a wurin aiki, da sakamako. Kuma jin cewa an koya yakan saɓa da koyon kansa. Wani bincike da aka yi da ɗaliban kimiyyar fiziks (physics) a Jami'ar Harvard, aka buga a 2019, ya nuna waɗanda aka yi wa lacca mai daɗin saurare sun ji kamar sun fi koyo, amma waɗanda aka sa su wahalar warware matsala da kansu suka fi su cin gwajin. Bita mai kyau takan bar ɗaliba da ɗan nauyi a zuciya, domin ta ga ramin da ke cikin tunaninta. Saboda haka maki mai kyau daga ɗalibai yana gaya miki ba ki tsorata su ba, kuma wannan nasara ce. Sauran labarin sai an nemo shi a wani wuri.

Ma'aunan da ake da su

Ma'aunai biyu ne suka fi yaɗuwa, wato DASH da OSAD, duka an buga binciken gwajinsu a 2012. DASH daga waccan cibiya ta Boston ya fito. Yana duba abubuwa shida: shimfiɗa yanayin koyo tun kafin a fara atisaye, riƙe wannan yanayi har ƙarshe, tsara zaman, tayar da tattaunawa mai zurfi, gano giɓin aiki da bin diddiginsa, da taimaka wa ɗalibi ya gyara ko ya ɗore a kan abin da ya yi daidai. Kowanne ana ba shi maki daga 1 zuwa 7. Yana da kwafin mai sa ido, da na ɗalibi, da na malamin kansa, wanda hakan yake ba ki damar ɗora ukun gefe da gefe. OSAD kuwa daga kwalejin Imperial ta Landan ya fito, an fara shi ne don likitocin tiyata, yana da abubuwa takwas, maki daga 1 zuwa 5, jimla daga 8 zuwa 40. Ya fi sauƙin riƙewa a hannu, shafi ɗaya ne da bayanin abin da ake gani a kowane mataki.

Akwai na uku da aka gina a cikin gidan jinya. Kristina Dreifuerst ta tsara hanyar bita da ake kira DML, wadda ita aka yi amfani da ita a wancan babban bincike na 2014, kuma a 2016 ita da Cynthia Bradley suka fitar da ma'aunin duba ko malami yana bin hanyar yadda ya kamata. In sashenku bai ɗauki DML a matsayin hanyarsa ba, wannan ma'auni ba naku ba ne, domin zai hukunta malami a kan abin da ba a taɓa ce masa ya yi ba. Wannan ka'ida ce da ta shafi duka: ku fara yarda a kan yadda kuke son a yi bita, sannan ku zaɓi abin awo. Ko tsarin PEARLS na Eppich da Cheng na 2015 ne, wanda ya bar wa malami zaɓin salo gwargwadon lokaci da irin giɓin, ko wani, muhimmin abu a san shi a rubuce.

In ni ce a matsayinki, da OSAD zan fara saboda sauƙinsa, in koma DASH bayan malamai sun saba a kalle su. Amma ki sani takardar ba ita take awo ba, idon mai riƙe da ita ne. A binciken da aka gwada DASH, masu ba da maki 114 sai da aka yi musu horo na awa huɗu da rabi kafin su kalli bidiyo uku su auna. In kika raba wa malamai takardar a taron sashe kika ce su je su auna juna, mai sassauci zai ba kowa 6, mai tsanani ya ba kowa 3, lambobin kuma ba za su gaya miki komai ba.

Ki saurari ɗaliba

Duk waɗannan ma'aunai malami suke kallo. Wurin da na fi samun gaskiya shi ne bakin ɗalibi, kuma ba ya buƙatar kayan aiki sai na'urar ɗaukar murya da izinin waɗanda ke zaune.

Ranar da na fara sauraron bitar da na yi da kaina, na riƙe agogo. A zaman minti ashirin, muryata ta cinye kusan sha huɗu. Na ƙirga tambayoyin da na yi, na ga yawancinsu amsarsu "e" ce ko "a'a", ko kuma sunan wani magani. Abin da ya fi taɓa ni shi ne sau nawa na yi tambaya mai kyau, shiru ya biyo baya, na kasa jurewa na amsa da kaina. Mary Budd Rowe ta gano tun farkon shekarun 1970 cewa malamai sukan jira kusan daƙiƙa ɗaya ne bayan sun yi tambaya, kuma in aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi sukan yi tsawo, masu magana su ƙaru. A bitar jinya ma uku ba ta isa ba, domin abin da kike nema ba haddar littafi ba ce, ɗaliba ce take komawa cikin minti shidan nan ta nemo abin da ke ranta. Yanzu nakan ƙirga zuwa takwas a zuci. Sau da yawa a ta shida ko ta bakwai maganar da ake nema take fitowa.

Bayan lokaci da tambayoyi, sai ki duba zurfin abin da ɗalibai suka faɗa. Ni nakan ja layi huɗu a takarda in riƙa sa alama. Layin farko na ba da labari ne: "Na auna shi, na ba shi magani, na kira." Na biyu na dalili ne: "Na ba shi maganin ne don na ɗauka ciwon ne ya sa bugun ya hau." Na uku shi ne inda ɗaliba ta juyo ta tuhumi dalilin nata: "Amma da ciwo ne ai awon ba zai sauka ba, ban haɗa su ba." Na huɗu shi ne ta ɗauki darasin ta kai shi kan wani majinyaci da ba ya cikin atisayen: "Ke nan ko mai jego ce na ga haka, abin da zan fara tunani ke nan." Zaman da duk alamominsa suka taru a layin farko hira aka yi, komai daɗinta. Wanda ya kai na uku ya yi aiki. Na huɗu ba ya zuwa da kansa sai an nema, shi ya sa hanyar Dreifuerst take ƙarewa da tambayar "da a ce": da a ce majinyacin yaro ne, da a ce yana shan maganin da ke hana zuciya sauri, me za ki duba? Wannan ta biyun tambaya ce mai kyau ƙwarai, domin irin wannan magani yana iya ɓoye hawan bugun da ɗaliba ta dogara da shi.

Ki duba kuma su wa suka yi magana. A rukunin mutum takwas, in biyu ne suka riƙe zaman, sauran shidan ba ki san abin da ke kansu ba. Shiru ma magana ce, amma ba kullum ma'anarta ɗaya ba. Wani ya yi shiru don yana tunani, wani don kunya, wani don a inda ya taso ba a mayar wa malami magana. DASH da OSAD a Amurka da Ingila aka gina su, a wuraren da ake ɗaukar yawan magana alamar shiga cikin darasi. Inda girmama na gaba ya fi ƙarfi, malami na iya yin komai daidai ɗalibai su ƙi buɗe baki a gaban juna. A irin wannan hali nakan ba su minti uku kowa ya rubuta abin da yake tunani a daidai lokacin da abu ya rikice, sannan a karanta. Rubutun ma shaida ce da za ki iya aunawa da layukan nan huɗu.

Mako na gaba

Awo na ƙarshe shi ne wanda kika riga kika fara yi ba tare da kin kira shi awo ba: kin lura kuskuren yana dawowa. Ki mayar da wannan lura ta zama tsari. Bayan mako biyu ko uku ki ba su atisayen da tufafinsa daban amma ƙashinsa ɗaya, misali majinyacin da ya karye a cinya maimakon wanda aka yi wa tiyata, ki ga ko minti nawa za su ɗauka kafin su kira. In kina son ma'auni, na Kathie Lasater na 2007 an gina shi ne a kan matakan Tanner huɗu, da abubuwa 11, kowanne da daraja huɗu daga mai farawa zuwa gwani.

A nan sai an yi hattara wajen ɗora laifi. Maimaita kuskure ba kullum daga bita yake ba. Wani lokaci an cusa darussa bakwai a zama ɗaya, babu wanda ya zauna; biyu ko uku sun isa. Wani lokaci an fahimta sarai amma hannu bai maimaita ba, kuma abin da ke buƙatar hannu magana ba ta gyara shi. Wani lokaci atisayen ne da kansa ya rikitar, alamomin ba su fito yadda aka tsara ba. Akwai kuma wanda ya fi ƙarfin malami: ɗaliba ta koyi abu a wurinki ranar Litinin, ranar Laraba ta ga manyan nas-nas a ɗakin majinyata suna yin akasinsa, kuma su take son ta zama. Tsakanin zamanki da aikinta na gaba abubuwa da yawa suna shiga, don haka ba a iya ɗaukar sakamakon ɗalibai kaɗai a ce shi ne makin malami. Ana haɗa shi ne da abin da aka gani malamin ya yi da abin da aka ji ɗalibai sun faɗa, in ukun suka nuna wuri ɗaya sai a yarda.

Kada kuma ku kashe kuɗi a kan kyamarori da zaton nuna wa ɗalibai bidiyon kansu shi ne inganci. Nazarin da Adam Cheng da abokansa suka tattara a 2014 bai ga wani fifiko na a zo a gani ba tsakanin bitar da aka yi da bidiyo da wadda aka yi babu shi. Ɗaukar zaman ya fi amfani ga malami, don ya ji kansa.

In za a ɗora malamai a sikeli

Ki fara da kanki. Ki ɗauki zamanki guda, ki kawo shi gaban malaman sashe, kowa ya ba da maki shi kaɗai, sannan a buɗe a ga inda aka saɓa. Gardamar da za ta biyo baya, wannan ya ce 2 wancan ya ce 4 a kan abu ɗaya, ita ce horon. Ku maimaita da zama biyu ko uku har tazarar ta rage zuwa maki ɗaya. Kasancewar ke kika fara miƙa wuya zai sauke wa sauran rabin fargabarsu, musamman waɗanda suka girme ki a aiki, waɗanda ba zai yi musu sauƙi a ce malamar da ta shekara biyu ce za ta auna su ba. Su ma ki roƙe su su auna ki tukuna.

Ki nemi shugabar sashe ta amince a rubuce cewa makin nan na gyara ne, ba zai shiga takardar ƙarin girma ba, aƙalla a shekarar farko. Ranar da ya shiga, malamai za su koyi yin bitar da ke cin maki a ranar da ake kallo, ku rasa abin da kuke nema. Zama ɗaya kuma ba ya wakiltar malami. Rukuni mai wuya ko ranar gajiya na iya sauke kowa. Biyu ko uku a zango, a atisaye daban-daban, sun fi kusa da adalci. Kuma in kin zo gaya wa abokiyar aiki abin da kika gani, ki bi da ita ta hanyar da kike so ta bi da ɗaliba: "Na ga lokacin da yarinyar nan ta ce ta tsorata, kin wuce zuwa maganar magani. Na ji kamar an bar wani abu a nan. Me kika hango?" Sau da yawa za ki ji dalilin da ba ki zata ba, kamar cewa ta san yarinyar tana cikin wani hali, ta zaɓi ta same ta ita kaɗai bayan an tashi. Takardar maki ba ta da akwatin wannan.

Abu ɗaya da ya rage shi ne bitar da ake yi bayan dawowa daga ɗakin majinyata na gaske, wadda kika ambata tare da ta atisaye. DASH an gina shi ne don atisaye, inda malami ya ga komai da idonsa kuma ya san abin da aka shirya. A asibiti ba ki ga abin da ya faru ba, labarin ɗaliba kawai gare ki, ga sirrin majinyaci da dole a kiyaye, ba suna ba lambar gado. Layukan nan huɗu suna aiki a nan ma, haka lissafin lokaci da jira. Amma ranar da ɗaliba ta dawo daga wurin rasuwar majinyaci na farko a hannunta, ki ajiye takardar awo. Abin da za a duba a wannan zama shi ne ko malamar ta lura da halin da yarinyar take ciki, ta ba ta wuri ta yi magana ko ta yi shiru, ta jinkirta nazarin aikin zuwa wata rana, ta kuma san wurin da za ta tura ta in bayan kwanaki abin bai sake ta ba.